Layya Ba Ita Ke Kawo Damina Ba

Djougou, cikin watan Babbar Sallah.

Da sunan Allah nake farawa, Mai saukar da ruwa a lokacin da Ya so. Zuwa ga Abba. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka isa Parakou lafiya, ka kuma tarar da Kawunka Idi da iyalinsa lafiya. Allah Ya tsare ka a inda idona ba ya kaiwa, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da sharrin baƙunta. Innarka tana gaishe ka, haka ma ƙannenka.

Ba zan tsaya ba ka labarin gida ba, domin kamiyon, wato motar kayan da za ta kawo maka wannan takarda, yana lodi a tasha yanzu. Ka karanta ta kafin ka taɓa gorar irin da ka tafi da ita. In ba ka buɗe ta ba, kada ka buɗe.

Jiya mai tuƙa kamiyon ya kawo mini saƙon kawunka. Ya ce an yi ruwa a Parakou har ya kwanta a lungunan unguwarsu Albarika, kuma wai Idi ya ce masa: "Ka gaya wa mijin Yaya, ga ruwa ga Layya, albarka ta haɗu da albarka. Washegarin Sallah za mu zuba iri duka a sabon filin nan nawa, yadda ya koya mini." Tun da na ji wannan magana nake neman yadda saƙona zai riske ka. Idi bai yi mini ƙarya ba, ni na koya masa. Kuma abin da na koya masa kuskure ne.

Ka san abin da ke cikin gorar nan. Masara ce, da ƙullin kubewa a samanta. Tun da gwiwata ta ƙi na mayar wa masu shi filin da nake nomawa a Sérou, ba mu da wata gona sai wadda za ka noma wa kawunka ku raba. Innarka ta juye maka irin gaba ɗaya, ko ƙwaya ba ta rage ba. Abin da gidan nan zai ci da kaka yana hannunka.

Kai ne ɗan farina, kuma sunan mahaifina gare ka, ban saba zama da kai in yi doguwar magana ba. Ranar da za ka tafi na raka ka har bakin mota da zancen nan a bakina, amma da ka durƙusa za ka yi sallama abin da ya fito kawai shi ne, "Allah Ya kiyaye hanya." Yanzu ba ni da sauran lokacin nauyin baki. Ka saurara.

Mu ba manoma ba ne tun asali. Kakanka falke ne, da jakuna yake zuwa Gwanja ya ɗauko goro. Shi ya san rani da damina saboda hanya, amma ni a rumfar kasuwa na tashi, kuma a rumfa da Sallah ake auna shekara: goron azumi, goron Layya, goron Mauludi. Da manyan motoci suka shigo, cinikin ya koma hannun waɗanda suka fi mu ƙarfi, sai na nemi aron fili a Sérou wajen wani mutumin ƙabilar Yom da muke kira Maidoya. Ka san shi, shi ne mai kawo mana sabuwar doya kowace shekara.

Shukata ta farko ta zo ne a shekarar da aka sauke tutar Faransa. Ban san lokacin shuka ba, kuma na ji nauyin in tambaya, kada a ce ɗan falke ya zo koyon riƙon fartanya da gemunsa. Sai da na gama hidimar Layya na sami sukuni, washegari na tafi na shuka. A waccan shekara Layya ta faɗo ne bayan damina ta zauna sosai, ƙasa ta sha ta ƙoshi, amma ni ban lura da wannan ba. Masara ta tashi ta fi tsawona, ta yi goyo bibbiyu. Kubewa kuwa har Innarka ta gaji da yanka da shanya. Sai na ce a raina albarkar Layya ce. Na faɗa a ƙofar masallaci, na faɗa a kasuwa. Da Idi ya zo sunan ƙanwarka Ladi na kai shi rumbu na nuna masa.

Ya ce, "Mijin Yaya, wa ya noma maka? Faɗi gaskiya, ba zan gaya wa kowa ba."

Na ce, "Kai da ba ka san komai ba sai awon yadi, tsaya in ba ka sirri kyauta. Washegarin Layya ake shuka. Wanda ya riƙe wannan ba zai taɓa sayen hatsi ba."

Ya yi dariya ya ce ya ajiye a aljihu, ranar da Allah Ya ba shi fili zai fito da shi. Ga shi yau ya fito da shi.

Abba, in abu ya yi maka kyau sau ɗaya, ka nemi dalilinsa kafin ka koya wa wani. Kowane Musulmi ya san watanninmu suna tafiya. Ka ji tsofaffi suna cewa sun yi azumi cikin sanyi, sun yi cikin zafi, sun yi cikin ruwa. Ni ma na sani, da bakina nake faɗa, amma ban taɓa kai wannan sanin gona ba. Kowace shekara Sallah tana matsowa kaɗan, damina kuwa tana nan inda Allah Ya ajiye ta. Wata na ibada ne, ka bi shi a ibada. A gona ka dubi ƙasa da sama.

Kafin babbar asarar akwai wata ƙarama da ya kamata ta farkar da ni, kuma da kai a cikinta. Na ga ma'aikatan gwamnati suna sayen shu, wato kabeji, da salati, sai na ce bari in yi lambun rani a gefen rijiyar fadama. Na sayo irin a wani butik, kantin 'yan kayayyaki, a Parakou, cikin 'yar takarda mai hoto da rubutun Faransanci a bayanta. Lokacin kana ƙarami a lakwal, makarantar boko. Na kira ka ka karanta mini, ka tsaya ka haɗa ƙafafu kamar kana gaban malaminku da kuke ce wa mushe, ka ce an rubuta a jira sai sanyin ƙarshe ya wuce sannan a shuka. Na jira. Duk tsawon sanyin shekarar nan fangalin lambuna yana nan wayam.

Innarka ta ce, "Malam, masu lambun bakin rafi fa sun dasa tun da sanyi ya fara shigowa."

Na ce, "Su ba su karanta takarda ba."

Da zafi ya kunno kai na shuka. Shu ya ƙi naɗewa, ganyensa ya baje ya yi yaushi. Salati ya miƙe ya yi tsawo ya yi ɗaci, ko akuya sai ta yi tunani kafin ta ci. Na dawo gida da fushi na same ka a zaure, na ce lakwal ɗin banza kake zuwa, ko karatu ba ka iya ba. Ka sunkuyar da kai. Daga baya na haɗu da mushenku na nuna masa takardar. Ya ce daidai ka karanta. A ƙasar da aka rubuta ta, sanyi yakan daskarar da ruwa ya kashe tsiro, shi ya sa suke jira ya wuce. Namu sanyin kuwa shi ne abin da shu da salati da albasa suke nema. Na ji, na dawo gida, ban ce maka komai ba. Ban taɓa ba ka haƙuri ba a kan wannan. Yau na ba ka.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, lokacin wata ƙasa ba lokacinka ba ne. Kada ma ka je da nisa: abin da ka gani a Sérou kada ka ɗauka dole haka yake a Parakou. Ruwa yakan sauka a can mu nan muna kallon sama, yakan sauka a nan ku kuna jira. In Allah Ya kai mu rani kuka so yin lambu, ka sani kubewa da barkono ba sa son sanyi, tsayawa suke cik su ƙi girma, shu da albasa kuwa in zafi ya riske su kafin su kama jiki an yi aikin banza. Ka je wajen tsofaffin masu lambun garin, ka gaishe su da kyau, ka tambaya. Tambaya ba ta rage wa mutum tsawo. Ni na ɗauka tana ragewa.

Yanzu ga babbar.

Shekaru suna tafiya ina riƙe da ranata. Na fara ganin gurabe a gona, wani layin ya tsiro wani ya ƙi, sai na sake bi ina cikewa. Na ɗora wa zabi, na ɗora wa ɓeraye. Sai shekarar da Layya ta zo cikin tsananin zafi, lokacin da mutum ke neman inuwa tun hantsi. Ana gab da Sallah aka yi wani ruwa mai ƙarfi, ƙanshin ƙasa ya cika gari, yara suna tsalle a waje. Na ce shi ke nan, Allah Ya gaskata ni. Washegarin Sallah na saɓi sungumi, na rataya gorar iri, na kama hanyar Sérou. A bakin gona na tarar da Maidoya zaune a kan kututture yana gyara ƙotar fartanya.

Ya ce, "Mai goro, barka da Sallah. Ina naman nawa? Wannan sungumin kuma fa, wa za ka haƙa wa rami?"

Na ce, "Namanka yana gida. Shuka zan yi."

Ya ajiye ƙotar. "A kan wannan ruwan? Wannan ai na mangwaro ne. Zuwa yake ya wanke 'ya'yan itace ya koma inda ya fito. Ko kwaɗi ba su yarda da shi ba. Ka ji kukansu?"

Na ce, "Kwaɗi ba su yi Layya ba."

Ya yi dariya har da tari, sannan ya daina. Ya ce, "Ji nan, ni ma ya taɓa cin irina, ina saurayi, ubana ya kusa kore ni. In dole sai ka shuka, raba irin, ka bar rabi a gora."

Na ce masa rabin shuka rabin imani ne. Allah Ya gafarta mini wannan magana, domin ba imani ne ya sa na faɗe ta ba. Na riga na cika baki a gari, ban so a ga ina shakka. Na zuba irin duka, har na buga gindin gorar.

Ya tsiro, Abba. Abin da ya fi ciwo ke nan. Gona ta yi kore shar, ita kaɗai a duk faɗin wurin, masu wucewa suna tsayawa su duba. Sai sama ta washe. Kullum da la'asar hadari yakan taso daga gabas, in tsaya a tsakiyar gona ina kallonsa, iska ta zo ta watsa shi. Ganyen masara ya fara naɗewa da rana, da farko yana warwarewa da safe, daga baya ya daina. Na ɗauki arozuwar, butar ban ruwan lambu, na koma ɗibar ruwa daga rijiyar fadama, ina bi tushe tushe, gonar da ba a ganin ƙarshenta daga bakinta. Kafaɗuna suka saɓule. Rijiyar ta fara ba da laka. Wata safiya na tarar da matan ƙauyen tsaye da tulunansu sun kewaye ta, babu mai murmushi. Wata tsohuwa ta riƙe igiyar gugana ta ce, "Baƙo, ruwan da jikokina za su sha shi za ka ba masara?" Na kwance gugan na tafi. Ba a jima ba tsiron ya kwanta, ya zama kamar ba a taɓa shuka komai a wurin ba.

Don haka ka ji da kyau. Ruwan farko ba damina ba ne, musamman irin wanda ya zo da wuri haka, kuma bana Layya ta fi ta waccan shekara matsowa cikin rani. Ka ɗauki fartanya ka haƙa inda ba kwari ba, ka tura hannu har gwiwar hannu. In ka taɓa busasshiyar ƙasa a ƙarƙashi, ka rufe ramin ka koma gida. Ka jira ruwa ya bi ruwa, ba tare da ƙasa ta bushe a tsakani ba. Ka jira iska ta juya, shinge masu fiffike su fito daga suri, kwaɗi su cika fadama da kuka, ka ga manoman wurin da kansu sun fito da nasu irin. Ko a lokacin kada ka zuba duka. Ka shuka kashi ɗaya, ka riƙe saura, sai wanda ka shuka ya kama ƙasa sannan ka ƙara. Ni ma ban isa in gaya maka ranar ba. Wanda duk ya ce maka ya san ranar tun daga nesa, irina ne.

Saura wadda ta fi mini nauyin faɗi. Da gonar ta mutu ban gaya wa kowa a gida ba. Kullum da safe in saɓi fartanya in fita kamar mai zuwa aiki, in je in zauna a gindin wata ɗorawa a bayan gari, ranar kasuwar Partago kuwa in bi mota in ɓace cikin mutane. Innarka takan ce, "Malam, yaya masara?" In ce, "Tana nan." Ana cikin haka damina ta gaskiya ta sauka. Kowa ya fita shuka. Ni ba ni da iri, kuma ba yadda zan nema ba tare da na faɗi inda nawa ya tafi ba. Ina zaune ina kallon lokaci yana wucewa, kowace safiya in ce gobe zan faɗa.

Wata rana na dawo da yamma na tarar da ita a tsakar gida, ƙwaryar fura a gabanta ba a taɓa ba, ƙafafunta duk jar laka.

Ta ce, "Malam, na kai maka fura gona."

Na jingina fartanya a bango.

Ta ce, "Na sami gona. Ban sami masara ba, ban sami mai gona ba."

Na fara cewa wani abu game da ƙaddara. Ba ta ɗaga murya ba, ka san ba ta ɗagawa. Ta ce, "Irin da ya mutu na yarda ƙaddara ce. Amma kwanakin nan da ka yi kana ce mini tana nan, su ne za mu ji a cikinmu."

Da gari ya waye ta yafa mayafi ta tafi Sérou da ƙafa, ta durƙusa wa matar Maidoya, ta dawo da masara cikin ɗan ƙoƙo da 'yar kubewa a bakin zane. Muka shuka a makare, muka girbe abin da bai taka kara ya karya ba. A shekarar ne kuka gaji da rogo, a shekarar ne Ladi ta rame har wuyanta ya fito. An ce muku fari aka yi. Ba a yi fari ba, maƙwabta duk sun cika rumbu. Ni ne. Irin da ke hannunka yanzu daga ɗan ƙoƙon nan ya fito, Innarka ce take zaɓen zangarniya mafi kyau kowace kaka tana ratayewa a saman murhu, har ya kai yawan da ka gani.

In ka yi ɓarna, ka faɗe ta a ranar, tun ana iya gyara. Jin nauyin mutane na ɗan lokaci ne, lokacin shuka kuwa in ya wuce sai baɗi.

Idi bai san wannan labari ba. Abokin wasana ne, ƙanin matata, na san in ya ji zai yi mini waƙa da shi har in mutu, shi ya sa na bar shi da tsohuwar maganata a aljihu. Yanzu ga yadda za ka yi da shi. Kawunka ne, a gidansa kake ci kake kwana, filin ma nasa ne. Kada ka yi masa musu a gaban mutane, kada ka nuna masa kai ɗan lakwal ne. Ka bari sai ya dawo daga rumfa ya huta, ka je ka durƙusa ka ce, "Kawu, Baba ya aiko da saƙo." Sannan ka karanta masa wannan takarda daga farko har ƙarshe. Kada ka tsallake inda ban yi kyau ba. Ya yi dariyarsa, ya kira maƙwabta su taya shi in ya so, na yafe. In ya ce zai ji kunyar a ga filinsa zaune bayan ya gaya wa mutane zai shuka, ka ce akwai aiki: ku share, ku ƙone, ku kai taki, ku gyara shinge saboda awaki, mai wucewa zai ga ana motsi. In duk da haka ya matsa, ka ce masa cikin ladabi filin nasa ne amma irin na Yayarsa ne, kuma ni na hana. Laifin ya hau kaina, kada ya hau naka.

Ina tsoron abu ɗaya. Na san Idi da gaggawa, kuma hanyar nan tana cin taya, mai yiwuwa takardar ta iso bayan kun riga kun shuka. In haka ne, kada ka firgita, kada kuma ka zauna kana jiran ka ga ko zai rayu kafin ka sanar da ni. Ka aiko a ranar. Har yanzu da sauran lokaci kafin damina ta zauna, zan nemi iri ko a ina yake, da wannan gwiwar tawa, ba zan aiki kowa ba.

Kamiyon zai juyo bayan Sallah, kuma zai same ni a tasha. Ba na bukatar doguwar amsa. Ka gaya wa mai tuƙin ko dai iri yana gora, ko iri yana ƙasa. Ko wanne ne zan iya ɗauka. Shiru ne kawai ba zan iya ba.

Allah Ya sa wannan ta riske ka a kan lokaci. Allah Ya ba ka haƙurin jira, Ya ba ka bakin faɗin gaskiya da ladabi, Ya sanyaya zuciyar kawunka. Ya tsare ka daga ciwo da sara da harbin kunama, Ya saukar mana da ruwa mai amfani, Ya nuna mana kaka da rai da lafiya. Ka riƙe salla. Ka gaishe da Idi da mutanen gidansa, ka ce ina yi musu barka da Sallah.

Ka huta lafiya.

Ni ne mahaifinka.